Shebur a Hannunmu, Taswira a Hannun Wasu

Shekara bakwai ke nan ina riƙe da littafin ƙungiyar taimakon kai da kai ta unguwarmu a cikin birnin Kano, kuma a tsawon wannan lokaci babu takardar da ta fi yawan zuwa hannuna kamar wadda ke neman mu fito da matasa ranar tsaftar muhalli. Takan zo ana saura kwana biyu ko uku Asabar ɗin ƙarshen wata, a rubuce cewa ana buƙatar haɗin kanmu, mu kuwa sai mu tattara shebur da manjagara da baro, mu shiga kwata tun da sanyin safiya. Ban taɓa ƙin amsa wannan kira ba, kuma ba ni da niyyar farawa. Abin da ya zaunar da ni rubutu yau shi ne takardar da ba ta taɓa zuwa ba, wato wadda za ta ce mu zo a yi shawara da mu a lokacin da ake yanke inda za a ajiye mazubin shara, da hanyar da mota za ta bi, da ranar da za ta zo, da kuma garin da za a kai wa abin da aka kwasa.

Wata shekara, ana saura makonni kaɗan damina ta faɗi, muka yi gayyar da har yau ake ba da labarinta a unguwa. Matasa suka shiga babban lambatun da ya ratsa mu, tun daga kansa har inda ya fita daga iyakarmu, suka yashe shi tas, suna fito da baƙar laka mai wari da ledojin fiya-wata da robobin lemo da tsummokara, har da wata tsohuwar katifa da ta kumbura ta tare rabin hanyar ruwa. Mata suka aiko da kunu da ƙosai, wani mai shago ya ba da sabulu, muka tara abin da aka yaso a gefen titi tsibi-tsibi muna jiran tifar da wani ofishi ya yi mana alkawari. Kwana tara tarin yana nan, ya bushe, awaki suna tonawa, mota ba ta zo ba. A dare na goma aka yi ruwan fari mai ƙarfi, kuma da yake lambatunmu a buɗe yake babu abin da zai tare shi, sai ruwan ya kwashi tarin gaba ɗaya ya gangara da shi unguwar da ke ƙasa da mu, inda kwalbati ya ƙuntata. Can ya toshe, ruwa ya ja da baya ya shiga zaure da ɗakunan mutane, ya jiƙa shimfiɗu da buhunan hatsi.

Washegari da hantsi mai unguwar ƙasa ya zo da dattawa biyu, suka same ni a ƙofar gida. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Malam Sakatare, sannunku da aiki. Mun ga aikin naku, domin a tsakar gidajenmu ya kwana." Na durƙusa na ce, "Allah ya huci zuciyarka, ranka ya daɗe, wallahi mota aka yi mana alkawari." Ya ce, "Na sani, ɗana, ban zo faɗa ba. Amma da kun aiko mana, ai da mun buɗe bakin kwalbatinmu a rana ɗaya da ku." Ban sami abin da zan ce masa ba.

Titi ɗaya ne tsakaninmu da su, amma su a wata ƙaramar hukuma suke. Kansilansu daban, duba-garinsu daban, ofishin da suke kai kuka daban, kuma babu wata takarda a ko'ina da ta nuna cewa lambatunmu da kwalbatinsu hanyar ruwa ɗaya ce. Wannan ƙaramin misali ne na yadda birnin yake baki ɗaya. Abin da muke kira Kano a yau ƙananan hukumomi 8 ne da suka haɗe: Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, ga gine-gine kuma sun riga sun kutsa cikin maƙwabtansu irin su Dawakin Kudu da Gezawa da Dawakin Tofa. Ruwan da ya wanke tsohon birni da Fagge da Sabon Gari yana gangarawa Jakara, ya haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, ya tafi har madatsar ruwa ta Wasai a ƙasar Minjibir. A kan wannan hanya manoman rani suke jan ruwan suna shayar da latas da kabeji da alayyafo, waɗanda ke dawowa kasuwanninmu mu saya mu ci. Ta kudu kuma abin da ya fito daga Sharada da rukunin masana'antun Challawa yana neman kogin Challawa. Saboda haka ledar da yaro ya jefa a kwata a Dala tana iya ƙarewa a gonar mutumin da bai taɓa taka Dala ba, kuma duk tsarin da ya tsaya a iyakar ƙaramar hukuma ɗaya ya bar rabin matsalar a waje.

A takarda, kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya sanya kwashe shara cikin ayyukan ƙananan hukumomi, a jadawalinsa na huɗu. A aikace, da birnin ya fi ƙarfin kowace ƙaramar hukuma ita kaɗai, sai jiha ta shigo, aka kafa hukumar REMASAB a 2003 domin ta kula da sharar birni da kewayensa. A 2021 gwamnatin jiha ta miƙa aikin ga wani kamfani mai zaman kansa, kafin a cika shekara biyu aka soke yarjejeniyar, aiki ya koma hannun hukuma. Duk wannan jujjuyawa tsakanin ofisoshi da kamfanoni aka yi ta. Matsayin mutanen unguwa bai motsa ba daga inda aka ajiye shi a 1985, lokacin da gwamnatin soja ta Buhari da Idiagbon ta shigar da tsaftar muhalli cikin shirinta na yaƙi da rashin ɗa'a: a hana zirga-zirga na 'yan sa'o'i, kowa ya fito ya share ƙofar gidansa, wanda ya ƙi a hukunta shi. Wannan tsari ya koya wa jami'ai su riƙa kallon jama'a a matsayin masu bin umarni ko masu karya doka, ya kuma koya wa jama'a cewa iyakar nasu shi ne shara, tunanin inda sharar za ta je kuwa na gwamnati ne. Shekara arba'in ke nan, kuma har yau da wannan ido ake kallon juna.

Ba ina cewa jami'ai ba su san aikinsu ba ne. Akwai abin da injiniya ya sani wanda ni ban sani ba, kamar nauyin da tifa za ta iya ɗauka, da nisan da ya kamata ya kasance tsakanin juji da rijiya, da kuɗin man da zagaye ɗaya yake ci. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma akwai ilmin da ba ya shiga taswira sai an tambayi wanda ke kwana a wurin. Ga misali guda da nake gani kullum. A yawancin gidajenmu ba magidanci ne ke fitar da shara ba, ba kuma matar gida ba ce. Yaro ne ɗan shekara takwas ko tara, ko almajirin da ke yi wa gidan aike, ake ɗora masa tsohon bokiti ko buhu a ka. An taɓa kawo mana babban mazubin ƙarfe aka ajiye shi a tsallaken titi, domin nan ne motar ɗaukarsa za ta iya juyawa. Wanda ya zaɓi wurin ya yi wa direba tunani mai kyau, sai dai bakin mazubin ya fi yaron tsawo, ga titin kuma 'yan A Daidaita Sahu ba sa tsayawa kowa. Uwa ta gargaɗi ɗanta kada ya kuskura ya tsallaka, shi kuwa da ya iso bakin titi sai ya waiga hagu da dama ya juye bokitinsa a kwata. Waɗanda suka tsallaka kuma suka zuba a gindin mazubin saboda hannunsu bai kai ba. Cikin mako uku mazubin yana tsaye rabinsa babu komai, kewaye da shi kuwa sabuwar bola ta tashi, aka kuma ce mutanen unguwar nan ba su da tarbiyya. Da an tambaye mu, da mun nuna wani kango a wannan ɓangaren titin wanda mai shi ya yarda a yi amfani da shi, da mun kuma roƙi a yi ɗan dakali mai matakala biyu a jikin mazubin.

Haka nan mu ne muka san lungun da baro kaɗai ke shiga, da wanda kura za ta iya ratsawa, da wanda ruwa ke yankewa duk watan Agusta. Mun san sharar ba ta zuwa daidai wa daida a shekara: lokacin mangwaro da na rake ɓawo yakan ninka, azumi yana da tasa sharar ta robobin kunu da zoɓo, kwana uku bayan Sallar layya kuwa abin da ke fita daga gidaje ba ya jure jiran mota ko na yini biyu. Jadawalin da ya ce mota za ta zo sau ɗaya a mako daga Janairu zuwa Disamba an rubuta shi ne don wani gari da ba namu ba.

Akwai kuma ɓangaren da mu kanmu maza 'yan ƙungiya ba mu cika sani ba, sai da na zauna na lura da abin da ke faruwa a cikin gidana. Kafin shara ta kai bakin zaure an riga an tace ta. Maiɗakina tana da buhun da take tara robobi da gwangwanaye da tsofaffin takalma har mai saye ya zo, ƙanzo da ɓawon wake suna tafiya wurin tumaki, toka tana da inda ake ajiye ta, galan da kwalba masu kyau kuwa ba sa barin gidan sai an sake amfani da su sau da yawa. Abin da ƙwararru ke zuwa su koyar a taro da sunan rarrabe shara tun daga gida, matan birnin nan sun daɗe suna yin sa ba tare da an ba shi suna ba. Duk da haka ban taɓa ganin an nemi shugabar wata Islamiyya ta matan aure ko uwar adashe an tambaye ta abin da zai sa mata su ware leda daga sharar tsakar gida ba, alhali ƙungiyoyi irin su FOMWAN, wato tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Nijeriya, suna da rassa da ke shiga gidajen da jami'i namiji ba zai taɓa wuce zaurensu ba. Idan taron shawara ya kasance a otal da ƙarfe goma na safe, an riga an cire waɗannan mata tun kafin a buga takardar gayyata.

Sai 'yan bola jari, waɗanda muke kora daga lungunanmu muna kiran su ɓarayi. Ba na musun cewa akwai ɓata-gari a cikinsu, domin mu ma an taɓa cire mana murfin kwalbati na ƙarfe da dare. Amma duk wanda ya je wajen Ƙofar Ruwa ya ga yadda ake auna ƙarfe ana loda manyan motoci, ko ya ga inda ake niƙa roba ana cika buhuna, zai gane cewa wannan sana'a ce mai tsani tun daga yaro mai buhu har dillali har masana'anta, kuma tana rage wa gwamnati kaya mai yawa ba tare da an biya ta ko kwabo ba. Suna da shugabanni, suna da ƙungiyoyi, kuma su ne suka fi kowa sanin abin da ke cikin kowace bola. Haka manoman kewayen birni. Tun zamanin kakanni jakai ke shigowa Kano da itace da hatsi, su koma da mangala cike da takin shara, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa gonakin kewayen birni suke ba da amfani shekara da shekaru ba tare da an bar su sun huta ba. Har yanzu da rani manomi yakan biya direban tifa ya juye masa shara a gona, sai dai yau kukansa leda ce da fasassun kwalabe da allurai. Wannan manomi abokin ciniki ne da ke jiran kaya mai kyau. Tsarin da ya san da zamansa zai yi ƙoƙarin kai masa taki tsaftatacce, wanda bai san da shi ba kuwa zai kashe kuɗin mai ya binne abin da ake nema da kuɗi.

Sau ɗaya aka taɓa gayyatar mu abin da aka kira taron masu ruwa da tsaki, a wani ɗakin taro mai sanyi. Muka je mu biyu da shugabanmu, aka ba mu jaka da biro da wani kundi mai kauri da Turanci, an riga an buga shi an yi masa bango mai sheƙi. Aka yi jawabai har azahar, sannan aka ce saura minti goma sha biyar na tambayoyi. Shugabanmu, wanda tela ne da ya shekara talatin a unguwar, ya tashi ya yi bayanin mazubin da yara ba sa kaiwa, aka tafa masa, mai gabatarwa ya ce an ji kuma za a duba. Muka sa hannu a takardar halarta, aka ba mu kuɗin mota. A hanya ya ce da ni, "Sakatare, ka lura ba shawararmu aka zo nema ba? Sa hannunmu aka zo karɓa." Tun daga ranar nake bambanta shawara da sanarwa da abu ɗaya: idan kundin ya riga ya sha bango, to sanarwa ce.

Abin da ya faru a Alƙahira ya isa ya sa duk mai tsara sharar babban birni ya yi hattara. Shekaru da yawa mutanen da ake kira Zabbalin, waɗanda da yawansu ke zaune a Manshiyat Nasir a gindin dutsen Muƙaɗɗam, su ne ke bi gida-gida suna karɓar shara, su kai unguwarsu iyalai su rarrabe, su sayar da roba da takarda da ƙarfe, ragowar abinci kuma su ciyar da aladun da suke kiwo. Ana yawan ambaton cewa suna sake sarrafa kusan kashi 80 cikin 100 na abin da suka karɓa. A 2003 hukumomi suka ba kamfanonin ƙasashen Turai kwangilar sharar birnin ba tare da an zauna da waɗannan mutane ba. Kamfanonin suka jera mazubai a tituna, mutanen da suka saba a zo ƙofarsu a karɓa ba su sauko da shararsu ba, manyan motoci kuma suka kasa shiga lunguna. A 2009 gwamnati ta sa aka kashe aladun saboda fargabar murar aladu, sai ragowar abinci ta rasa mai ɗauka ta taru a tituna. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, kuma daga baya dole aka koma neman hanyar yi wa Zabbalin rajista a shigar da su cikin tsari.

A birnin Pune na Indiya an bi wata hanya dabam. Masu tsintar bola, waɗanda yawancinsu mata ne, suka kafa ƙungiyar ƙwadago a 1993, suka yi shekaru suna neman a san da zamansu, har a 2008 hukumar birnin ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar haɗin gwiwarsu mai suna SWaCH. Mambobinta ke bi gida-gida da kura, magidanta su biya su kuɗin wata kai tsaye, abin sayarwa da suka ware ya zama nasu, hukuma kuma ta ba da kayan aiki ta ɗauki ragowar daga wuraren da aka amince. Barazil ta kai abin har cikin doka. Dokarta ta shara ta 2010 ta wajabta wa ƙananan hukumomi su yi tsari a rubuce, ta kuma ce wajen rabon kuɗin tarayya za a fifita waɗanda suka haɗa kai da maƙwabtansu suka yi tsarin yanki, da waɗanda suka shigar da ƙungiyoyin masu tsintar bola cikin aikin. Wannan sharaɗi ya burge ni ƙwarai, domin ya ɗaure abubuwa biyun da muke rasawa a nan, wato haɗin kan maƙwabtan hukumomi da shigar da ƙungiyoyi, ya kuma ɗaure su da abin da kowane ciyaman ke saurare, wato kuɗi.

Laifi tudu ne, don haka bari in taka namu. Ba kowace ƙungiya ce ƙungiya ba. Akwai wadda ba ta da komai sai takardar rajista da hatimi a jakar mutum ɗaya, tana farfaɗowa ne kawai idan an ji ƙamshin tallafi. Akwai wadda ɗan siyasa ya saya mata riguna da baro mai ɗauke da hotonsa, daga ranar ta zama reshen jam'iyya, rabin unguwa suka janye jiki. Mu kanmu mun yi shekara biyu ba mu karanta wa mambobi lissafin kuɗi ba, ba don an ci ba, sai don sakaci, kuma na ga yadda hakan ya rage yawan masu ba da gudummawa. A kwamitinmu babu mace ko ɗaya, babu ɗan bola jari, babu ɗan haya, alhali 'yan haya sun kusa rabin unguwar. Jami'in da ya ce bai san wa zai gayyata ba a cikin ɗaruruwan ƙungiyoyi yana da hujja. Amsar da zan ba shi ita ce tantancewar ba ta da wuya kamar yadda ake zato: a tambayi mai unguwa da limami wace ƙungiya ce aka gani a cikin kwata bara da bana, a nemi littafin taronta da na kuɗinta, a kuma bar ƙungiyoyin kowace mazaɓa su zaɓi wakilinsu da kansu maimakon a zaɓa musu.

Abin da nake nema a yi ba shi da tsada. Kafin a zana komai, jami'in tsare-tsare ya zo ya taka unguwa da ƙafa tare da mu, mu bi hanyar ruwa daga sama har ƙasa ko da ta tsallaka iyakar ƙaramar hukuma, a sa alama a duk bola da kududdufin da ake cikewa da shara da kwalbatin da ke toshewa. Daftarin farko ya fito da Hausa tun yana iya canzuwa, a karanta shi a gidajen rediyo, tunda a garin nan babu abin da ya kai rediyo shiga gida, a kai shi makarantun matan aure da rumfunan 'yan gwangwan. Duk shawarar da ƙungiya ta bayar a amsa ta a rubuce, ko an karɓa ko an ƙi, tare da dalili, domin mutum yana iya haƙura da a ƙi maganarsa amma ba ya jure a yi kamar bai yi ta ba. Sannan a sami zaure ɗaya na dindindin da ya haɗa ƙananan hukumomin birni da na kewaye da hukumar jiha da wakilan ƙungiyoyi, wanda zai zauna aƙalla kafin damina da bayanta, kuma wakilanmu su kasance masu ƙuri'a a cikinsa, su ga jadawalin motoci da sharuɗɗan duk kwangilar da za a bayar kafin a sa mata hannu.

Sai dai ina jin tsoron abu ɗaya, kuma gara in faɗe shi tun yanzu. Kalmar shigar da al'umma tana da daɗin faɗa a bakin mai neman sauke nauyi. Idan ma'anarta ita ce matasanmu su ci gaba da shiga kwata babu takalmin roba babu safar hannu, ana biyan ɗan kwangila kuɗin aikin da suka yi, to an koma kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi. Gayya tana yashe lambatu sau biyu a shekara, amma ba ta sayen tifa, ba ta gina juji na zamani mai shimfiɗar da ke hana ruwan shara shiga rijiyoyi, ba ta kuma iya tilasta wa masana'anta ta tace ruwanta. Waɗannan na gwamnati ne. Inda aka ba ƙungiya aiki na kullum, kamar karɓar shara gida-gida a lungunan da mota ba ta shiga, to a rubuta yarjejeniya, a faɗi abin da kowane gida zai biya da wanda zai riƙe kuɗin, a faɗi ranar da mota za ta zo wurin tarawa, a kuma faɗi abin da zai biyo baya idan ba ta zo ba. Labarin tarinmu na kwana tara ya nuna cewa ɓangaren da ya fi saurin karya alkawari ba koyaushe ne jama'a ba.

Akwai kuma mutanen da ko mu 'yan birni ba ma tunawa da su, wato waɗanda ake kai wa sharar. Duk tifar da ta bar unguwarmu muna murna, a bayan gidan wani take juyewa, galibi a tsohon ramin da aka haƙi ƙasa a gefen gari, inda hayaƙi da ƙuda da ruwan da ke tsatsowa da damina suke zama rabon mazauna wurin. Abin da ya faru a jujin Koshe na Addis Ababa a watan Maris na 2017, inda tudun shara ya zaftare ya kashe mutum sama da 100, ya nuna ƙarshen jujin da aka bari gari ya kewaye shi. Idan ana maganar tsarin yanki, ƙungiyar ƙauyen da za a kai wa juji ta fi tamu haƙƙin a fara jin ta bakinta, kuma ya dace ta sami ikon cewa ba ta yarda ba sai an cika mata sharuɗɗa.

Mu dai tun bayan zuwan mai unguwar ƙasa muka daina sa ranar gayya mu kaɗai. Yanzu ƙungiyoyi huɗu ne a kan lambatun nan, daga ƙananan hukumomi biyu, kuma muna farawa ne daga ƙasa mu hauro sama, domin a buɗe wa ruwa mafita kafin a sako shi. Ba ma taɓa shebur sai mun ga tifa a tsaye da idonmu, ko da kuwa karo-karo za mu yi mu ɗauki hayarta. Wani ɗalibi a cikinmu ya zana hanyar ruwan a bayan babban kwali, ya sa jan biro a wurare goma sha ɗaya da ke toshewa, matan Islamiyya kuma suka ƙara mana biyu da ba mu sani ba, domin ta bayan gidaje suke. Mun ɗauki hoton kwalin mun haɗa da takarda mai sa hannun masu unguwanni huɗu, mun kai ofisoshin da abin ya shafa, an buga mana hatimin karɓa. Kwalin yana rataye a shagon shugabanmu, a saman keken ɗinki, kuma ranar Lahadi mai zuwa bayan la'asar za mu sauke shi mu zauna da shugaban 'yan bola jarin yankin, wanda ya ce zai zo da sharaɗin a daina kiran yaransa ɓarayi a gaban jama'a.